Famfon da Baba Isuhu Ya Rufe

Ku matso kusa, tunda kun ce sai kun ji. Kai Sadiku, ajiye wayar nan. Ai kai ne kullum mai cewa ko ta halin ƙaƙa sai ka tafi Saudiyya, to kai ya kamata ka fi kowa buɗe kunne.

Ni kurar ruwa ce ta kai ni Riyad. Lokacin kuna ƙanana ni ɗan garuwa ne a Kano, daga baya na ɗan koyi tuƙi a motar masu ruwan leda. Da maganar tafiya ta taso sai na sayar da kurar har da jarkokinta, na haɗa da 'yar gonar da na gada a bakin hanya, innarku Ladi ta cire 'yan kunnenta ta ɗora a kai, aka kwasa aka kai wa ejan. Ranar da zan tafi na kalli tafin hannuna da ya yi kanta, na ce wa innarku, "Ni dai na yi sallama da wahalar ruwa." Ta ce Allah ya sa. Ita ma ba ta san inda za ni ba.

A takardata direba aka rubuta. Can sawwak suke cewa, mu kuwa 'yan Hausa in mun haɗu sai mu ce, "Ya aikin Allah ya sawwaƙe?" Don direban gida ba tuƙi kaɗai yake yi ba. Kai ne cefane, kai ne ɗaukar tukunyar gas, kai ne jiran mata a ƙofar kanti har ƙafarka ta yi tsami. Wanda ya ɗauko ka shi ne kafili, a hannunsa katin zamanka yake, wato igama. In ya sabunta ka zauna, in ya ƙi ka tattara komatsanka. Nawa kafilin Abu Fahad ake ce masa, wani dogon dattijo mai gida a unguwar Murabba. Ba zan yi masa ƙazafi ba, ba mugu ba ne, ba ya zagi, ba ya riƙe haƙƙin mutum. Amma magana ɗaya yake yi, ba ya maimaitawa.

Bayan gidan cikin gari yana da wani wurin hutawa can arewa, inda gine-gine suka ƙare rairayi ya fara. Istiraha suke ce wa irin wurin, mu bakinmu ya mayar da shi sitiraha. Katanga ce zagaye da fili, da ciyawa, da 'yan bishiyoyin dabino, da babban ɗakin baƙi shimfiɗe da darduma bango zuwa bango. Ruwan famfo na gari bai kai can ba. Tankar ruwa ce ke zuwa ta juye a wani babban tanki da aka gina a ƙarƙashin ƙasa, inji ya tura shi zuwa tankin kan rufi, daga nan bututai su rarraba. Ku riƙe wannan tsarin a ranku, don a kansa labarin yake.

A nan na haɗu da Baba Isuhu, mai gadin wurin. Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye can gaba da Damagaram. Gajere ne, busasshe, gemunsa fari fat, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ranar farko na yi masa sallama da guntun Larabcina, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗana, yi Hausa bakinka ya huta."

Ba mu yi awa ɗaya da sanin juna ba muka yi faɗa. Na buɗe famfon waje ina alwala, ruwa na zuba shaa a kan siminti, sai na ga hannu ya zo ta kan kafaɗata ya murɗe.

Na ce, "Baba, ban gama ba."

Ya ce, "Ka gama da wannan. Ga moɗa."

"Ruwan naka ne?"

"Da nawa ne da ban bar ka ka matso kusa da shi ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na tura kura a rana, ni za a koya wa darajar ruwa? Amma da muka zauna tare na gane ba abu ɗaya muka sani ba. Ni sayar da ruwa na yi, in jarka ta zube na san zan koma in cika wata. Shi a inda ya tashi, in tulu ya fashe a hanya, ranar gidan nan an kwana da ƙishirwa.

Ban taɓa ganin mutum irinsa ba. Alwala a kan roba yake yi, ruwan da ya taru ya kai wa wani zogale da ya shuka a bayan ɗakinsa, wanda ya zo da irinsa a aljihu tun daga gida. Ruwan wankin shinkafa, na dabino ne. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ya kafa masa bokiti, da shi yake wanki. Ga kunne. Muna cikin hira sai ya ɗaga hannu ya karkata kai, ni ban ji komai ba, ya tashi ya zagaya bayan banɗaki, ya tarar da gaɓar bututu tana tsatsafo. Ya yanko tsohon tayan ciki ya ɗaure tamau, sannan ya dawo ya ci gaba da maganarsa daga inda ya tsaya. Na sha tsokanarsa, ina cewa in ya mutu kada a yi masa wanka da buta biyu, zai tashi ya yi faɗa. Sai ya yi dariya ya ce ɗaya ma ta yi yawa.

Wata rana da la'asar muna shan shayi ya gaya mini abin da ya kawo shi. A ƙauyensu rijiya tana da nisa. Mata su fita da sassafe, sai rana ta take su dawo, in rani ya yi tsanani kuma su zauna a bakin rijiyar suna jiran ruwa ya taru a ƙasa kafin a zura guga. Matarsa, Iya Hassu, tun tana yarinya take wannan zirga-zirgar. Gammo ya cinye gashin tsakiyar kanta, wuyanta ya ƙage, in za ta waiwaya sai da jikinta duka. Shi ne ya rantse sai ya haƙa mata rijiya a ƙofar gida kafin ɗayansu ya mutu. Abin da ya samu a Riyad can yake tafiya, a sayi siminti a yi zobba, masu haƙa su nutsa iya inda abin ya kai, su tsaya sai wani ranin. Ƙasarsu rairayi ce, in ba a bi ramin da zobba ba, rushewa yake yi.

Ya ciro waya ya nuna mini hoto. Hannun mutum ne riƙe da dunƙulen yashi, an matse shi ya tsaya bai wargaje ba.

Ya ce, "Ka gani? Danshi ne. Mai haƙa ya ce rani ɗaya ya rage."

Igamarsa kuwa ƙarshen sanyin shekarar za ta ƙare. Sabuntawa ɗaya yake nema, ya yi shekarar nan, a kai ga ruwa, ya tafi gida. Ko aikin Hajji da kowa ke buri, shi ba ya maganarsa kamar yadda yake maganar rijiyar nan.

To, zafi ya shigo. Zafin can ba irin namu ba ne. Ruwan tankin sama yana tafasa, in ka buɗe famfo da rana ka sa hannu sai ka yi ƙara, dole mutum ya tari na wanka tun da safe ya ajiye a inuwa. A shekarar kuma sama ta ƙi, ko ɗan yayyafin da suke samu ba a gani ba. Motocin tankar ruwa suka yi wuya, wayit suke ce musu, in ka je wurin cikawa ka tarar da layi, kowa na ihu yana "Moya! Moya!" wato ruwa. Ni ake aika bin layin, ni da na ce na yi sallama da wahalar ruwa. Baba Isuhu ya koma ban ruwa da magariba kaɗai, ya yi wa kowane dabino gurbi ya rufe gindinsa da busasshen ganye don kada rana ta shanye. Ciyawar maƙwabta ta ƙone, tamu ta yi ja amma ba ta mutu ba.

Ana cikin wannan hali Fahad, babban ɗan maigida, ya zo da abokansa. Suka jawo tiyo suna wanke motoci, suka jefar da shi a ƙasa yana kwarara, suka shiga ciki shan gahawa. Baba ya je ya rufe. Fahad ya fito ya buɗe. Baba ya sake rufewa, ya cire kan famfon ya sa a aljihu. Yaro ya kira ubansa a waya yana kumfar baki.

Abu Fahad ya zo washegari. Yusuf yake kiran Baba. Ya ce, "Ya Yusuf, ƙofa na ba ka gadi. Ruwa nawa ne, ɗa nawa ne. In na ce a buɗe, a buɗe. Ka fahimta?"

Baba ya ce ya fahimta, ya ciro kan famfon ya miƙa. A mota kuwa ina tuƙi na ji Abu Fahad yana wanke ɗan nasa tas a kan almubazzaranci, amma a gaban bare ba zai kunyata shi ba. Na dawo na ce wa Baba, "Ka ga, an ja maka kunne sau ɗaya, mutumin nan ba ya ja sau biyu. Ka tuna rijiya." Ya ce ai saboda yana tuna ta ne.

Ku kuna jin an ce Saudiyya sai ku tuna zafi. Wallahi akwai sanyi a Riyad da ban taɓa jin irinsa a ƙasar Hausa ba. Suna da wani lokaci da suke kira murabba'aniyya, Baba ya kasa faɗa, ya ce shi dai "mai raba ni da barci" ya sani. Iska ce ke tasowa daga arewa ta bi ta hamada, ta shiga ƙashi. A cikin gari da sauƙi, gine-gine sun tare, amma a sitiraha babu abin da ya raba ka da ita. Baba ya haɗa hula biyu, ya naɗe da rawani, ya sa wata tsohuwar riga mai gashin tunkiya da maigida ya ba shi, tana jan ƙasa.

Wata Alhamis Abu Fahad ya ce in wuce kasuwar Aziziya in yi cefane mai yawa, in kuma nemo buhunan algarara babu komai a ciki, iya abin da zan samu. 'Yan uwanmu masu dako suka tattaro mini na albasa da na dankali. Bayan azahar muka isa sitiraha tare da shi. Washegari bayan sallar Juma'a dangin wanda zai auri 'yarsa za su zo cin abinci, karon farko ke nan da gidajen biyu za su zauna wuri ɗaya. An sake dardumomin ɗakin baƙi, an cika tankin ƙasa har baki.

Ya tara mu ya ce an sanar sanyin daren nan zai wuce na kullum. Ya yi bayani dalla-dalla, ni kuma na mayar wa Baba da Hausa, don haka kada wani ya ce rashin jin yare ne. Ya ce ruwa in ya tsaya cik a cikin bututu ya daskare, kumbura yake yi ya tsaga bututun. Maganinsa biyu. A naɗe bututan da ke waje, a kuma bar famfunan waje suna zuba kaɗan-kaɗan, don ruwan da ke motsi ba ya saurin daskarewa.

Muka hau aiki. Muka naɗe na jikin katanga da na gindin tanki, muna ɗaurewa da roba, hannuwanmu na warin albasa. Buhuna suka ƙare kafin mu kai ga wanda ya bi ta kan rufin ɗakin baƙi. Abu Fahad ya ce ba komai, tunda famfo zai kwana a buɗe. Da hannunsa ya zagaya ya murɗa kowanne, ruwa na sauka siriri kamar zare.

Na kalli fuskar Baba, idonsa na kan ruwan.

Ya ce, "Haruna, tambaye shi, har yaushe?"

"Ya ce har rana ta fito ta yi zafi."

"A ƙasa zai zuba?"

"A ƙasa."

"Duk dare?"

"Baba, duk dare."

Ya ce, "Ni dai a firji kaɗai na taɓa ganin ruwa ya zama dutse."

Na ce, "Ni ma haka. Amma ƙasarsu ce, sun fi mu saninta. Don girman Allah ka toshe kunnenka ka kwanta."

Ya ce ya ji. Kafin mu tada mota na hango shi yana fito da bokitai da robobi yana jerawa a ƙarƙashin famfunan. Hankalina ya ɗan kwanta, na ce ya samo wa kansa mafita. Ni a gidan cikin gari nake kwana, muka tafi muka bar shi shi kaɗai.

Da gari ya waye na ɗauko rago na nufi sitiraha. Ina shiga na ga ciyawa ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri. A gindin katanga kuma ga kaya jere, bokitai, robobin wanki, tukwanen girkin baƙi, jarkoki, butar alwala, kwanon cin abincinsa, har butar shayi. Kowanne cike taf, kowanne da ɓawon ƙanƙara a samansa. Na ɗaga ido na kalli famfo. Babu zare, babu ɗigo. Na murɗa har ƙarshe, ko iska bai fitar ba.

Baba na tsaye cikin rigarsa mai jan ƙasa, idanunsa jajir.

Na ce, "Baba, wa ya rufe?"

Ya ce, "Komai ya cika, Haruna. Na kwashe na ba itatuwa har suka ƙoshi, na maido, ya sake cika. Ba sauran abin tara. Sai ya shiga zuba ƙasa. Na kwanta na rufe kai da bargo, ina jin shi. Na sa auduga a kunne, ina jin shi. Na tuna Hassu zaune bakin rijiya tana jiran abin da bai kai wannan ba. Na ce bari in ba shi hutu kaɗan, in buɗe kafin sallah. Da na zo buɗewa, shiru."

Muka hau rufi muka duba. A ido bututu lafiya lau, sai dai in ka taɓa ya kama maka yatsa. Mu biyu babu wanda ya san cewa tsagewa tana iya ɓuya ta ƙasa, ƙanƙara ta toshe ta, sai ta narke abin ya bayyana. Na ce alhamdu lillahi, rana za ta fito ya saki, babu wanda zai sani. Muka sake buɗe famfunan, muka ja rago can ƙarshen filin inda ake yanka, muka hura wuta, muna amfani da ruwan da ya tara. Har yana ce mini, "Ka gani? Da ban tara ba da me za mu wanke hanji?"

Rana ta ɗaga, jiki ya fara saki. Muna cikin fiɗa sai Baba ya tsaya da wuƙa a hannu, ya karkata kai.

Ya ce, "Injin nan bai huta ba tun ɗazu."

Muka zubar da komai muka ruga. Ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin baƙi, ya bi matakala, ya ratsa tsakar gida ya nufi ƙofar waje. Na tura ƙofa. Silin ya rufto a tsakiyar ɗaki, ruwa na kwararowa daga sama, sababbin dardumomin sun sha sun ƙoshi, matasan kujeru na yawo. Bututun kan rufi ne ya tsage daidai inda ya shiga gini. Tankin sama ya juye kaf, inji kuma ya yi ta turo na ƙasa yana bin sa. Na ruga na kashe wuta, na ƙulle babban makunnin ruwa.

Da na dawo na tarar da Baba durƙushe a cikin ruwan nan mai sanyin tsiya. Bai kalli darduma ba, bai kalli silin ba. Kwano ne a hannunsa yana kamfatar ruwa yana zubawa a bokiti, yana kamfata yana zubawa, hawaye na bin gemunsa. Ruwa na wuce shi ta hagu da dama yana fita waje rairayi na shanyewa. Wannan hoton har yau bai bar idona ba.

A haka Abu Fahad ya same mu. Ya tattare bakin farar rigarsa, ya taka ya shiga, ya kalli sama, ya kalli ƙasa. Ya fito ya tsaya a kan kayan da ke jere a gindin katanga, ya daɗe yana kallon butar shayin nan. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Ya Yusuf, na ce a bar famfo a buɗe?"

"Ka ce."

"Ka ji?"

"Na ji."

"To me ya sa?"

Baba ya ce, "Yana zuba a ƙasa."

Abu Fahad ya nuna ruwan da ya yi hanya har bakin titi. Ya ce, "Wannan fa, a ina yake zuba?"

Ya ce, "Halas," wato shi ke nan, ya shiga mota yana buga waya. Dole aka mayar da baƙi gidan cikin gari, aka cusa su a ƙaramin falo, aka sayo abinci a waje. A wurinsu wannan abin kunya ne ba ƙarami ba, surukai su zo karon farko a ce musu wuri ya lalace.

Na bari kwanaki suka ɗan ja, ya huce, sannan na roƙe shi a mota. Na gaya masa labarin Iya Hassu, da zobban siminti, da yashin da ya fara danshi. Na ce shekara ɗaya kawai. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Ya Harun, na san ba mugunta ya yi ba. Da mugunta ce da abin ya zo da sauƙi, mugu yana jin tsoro ya daina. Wannan in sanyi ya dawo baɗi, zai sake rufewa."

Ya biya Baba haƙƙinsa cif, bai cire ko na darduma ba, ya saya masa tikiti. Igama kuwa bai sabunta ba. Wani kafilin kuma wa zai ɗauki tsoho mai farin gemu?

Na ji haushin Abu Fahad, amma wallahi na fi jin haushin Baba. Ranar da yake ɗaure kayansa na kasa haƙuri, na ce, "Baba, saboda abin da bai kai cikin duro ba ka zubar da rijiya guda!" Ya ci gaba da naɗe bargonsa. Ya fita bayan ɗaki wurin zogalen, sanyi ya ƙone ganyensa ya yi baƙi, ya sare shi daga gwiwa ya ce zai tofo, in riƙa ba shi ruwan alwala. Na kai shi unguwar Shumaisi wurin mutanen garinsu ya kwana biyu, suka ɗan haɗa masa abin da ya sawwaƙa, daga nan sai filin jirgi. Da na koma sitiraha na tarar ya bar mini moɗarsa a kan taga.

Na ƙara shekaru a can har bayana ya fara ciwo, na dawo. Ban dawo da dukiya ba, abin da na samu shi ne rufin kwanon nan da kuke zaune a ƙarƙashinsa, da famfon can na tsakar gida. Gonar da na sayar kuwa yanzu gidan mai ne a wurin, ko kallonsa ba na son yi.

Bayan na huta na ce sai na je na ga Baba Isuhu. Na hau mota har Damagaram, na sake wata, daga inda hanya ta ƙare na hau amalanke. Tun daga nesa na gane gidan, don a ƙofarsa akwai bakin rijiya na siminti, an rufe da tsohon kwano an ɗora ƙaya saboda awaki da yara. Ƙasan ramin da ba a kai ga sa wa zobba ba, damina ta farko bayan dawowarsa ta rusa shi, rairayi ya cike wurin. Mai haƙa ya ce sai dai a sake sabon aiki, kuma danshin ma ya ƙara nutsawa. Na ɗaga kwanon na jefa tsakuwa. Na ji ta faɗi tim, a busasshiyar ƙasa.

Baba bai nan, ya tafi ɗiban ruwa da jaki, don Iya Hassu ta daina iya ɗaukar ko tulu. Na zauna a inuwa har rana ta take, sai ga shi yana tafe a bayan jakin, ya ƙara ƙanƙancewa. Ya rungume ni yana "Haruna, Haruna," kamar ɗansa ne ya dawo. Iya Hassu ta fito a karkace, ta tsiyaya daga jarkar da aka sauke yanzu, ta durƙusa da ƙyar ta miƙo mini ƙwarya. Ruwan ja-ja ne, da ɗumi. Na san nisan da ya yi kafin ya zo hannuna. Na shanye shi duka, har da laka-lakan ƙasa.

Muka yi hirar mutane, wa ya dawo, wa ya rasu. Na ce masa zogalensa ya tofo har ya wuce katanga. Ya ji daɗi. Can ya kalli bakin rijiyar, sannan ya ce, "Haruna, in tambaye ka. Daren nan, da na bar shi yana zuba har safe, zai kai nawa?"

Na so in yi masa ƙarya, in ce da yawa. Na kasa. Na ce, "Baba, ba zai wuce abin da jakin nan ya ɗauko yau ba."

Ya kalli jakin, ya kalli matarsa tana rarrafawa za ta shige ɗaki. Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Kullum sai na yi wannan tunanin. Na san ni na yi kuskure, mutumin nan gaskiya ya faɗa." Ya buɗe tafin hannunsa yana dubawa. "Amma ka san wani abu? Ko daren yau aka maido ni wurin nan, ban tabbata hannun nan zai iya barin shi ba."

Washegari na bar masa ɗan abin da ke aljihuna, wanda ni da shi mun san ba zai sayi ko zobe biyu ba, na kamo hanya. Bara aka aiko mini Iya Hassu ta rasu. Ruwan wankanta ma da jakin aka ɗebo.

To Sadiku, ka ji Saudiyyar da na sani. In ka ce sai ka je ba zan riƙe ƙafarka ba. Amma kafin nan tashi ka murɗe famfon can da kyau, tun da na fara magana nake jin ɗigarsa.